Ƙafa, Keke ko Bas: Wanne Ya Fi Dacewa da Ɗalibin Jami'a a Kebbi?

Da ɗan ƙanwata ya samu gurbin karatu a jami'a, mahaifiyarsa ta zo mini da wata tambaya wadda na ɗauka zan amsa a zama ɗaya, sai ga shi ta ɗauke ni makonni ina juya ta. Ta tara masa 'yan kuɗi daga adashi, kuma tana so ta san abin da ya fi: a saya masa keke a wuce wurin, ko a ajiye kuɗin ana tsakura masa na mota kowane mako, ko kuwa a nema masa ɗaki kusa da makaranta ya riƙa takawa. Tambayar iyaye ce, amma ita ce kuma tambayar da ke gaban hukumar kowace jami'a da take son rage wa ɗalibai da ƙananan ma'aikata wahalar zirga-zirga, domin kuɗin da ke hannunta ba zai isa a yi komai a lokaci guda ba, dole a san abin da za a sa gaba.

Dalilin da ya sa tambayar ta yi nauyi a wajenmu shi ne yadda aka kafa makarantun. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta jiha da ke Aliero an kafa ta a 2006, Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a 2013, kuma mazauninta na dindindin yana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, ba cikin birnin da take ɗauke da sunansa ba. Haka al'adar take a duk Nijeriya: a ba jami'a makeken fili a bayan gari saboda tunanin faɗaɗa ta nan gaba, sannan gine-gine su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya gwargwadon kuɗin da aka samu daga gwamnati ko asusun TETFund mai tallafa wa manyan makarantu, wannan tsangaya a nan, ɗakin karatu a can, masaukin ɗalibai a wani gefen. Sakamakon haka ɗalibi yana da tafiya iri biyu a kowace rana, wato wadda za ta kawo shi bakin ƙofa daga inda yake kwana, da wadda zai riƙa yi a cikin haraba tsakanin lacca da lacca. Yawancin kuskuren da ake yi wajen zaɓi daga haɗa waɗannan biyun wuri ɗaya yake tasowa, alhali abin da ya dace da ɗaya yakan zama wahala a ɗayar.

A da babu wanda ya damu da wannan lissafi sosai, domin ɗan kabu-kabu yana tsaye a kowace kwana kuma kuɗinsa ba ya karya aljihu. Daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce naira 1,000. Kuɗin kabu-kabu da na keke napep da na bas duk sun bi ta. Ɗalibin da ya ci bashin karatu na asusun NELFUND naira 20,000 ake ba shi a wata domin hidimar yau da kullum, kuma daga ciki zai ci abinci, ya sayi sabulu, ya buga takardu, ya sa kati a waya. Duk wanda ya riƙe wannan adadi a ransa zai gane cewa maganar takawa da hawan keke ba ra'ayin 'yan boko masu son motsa jiki ba ce, magana ce ta abin da zai rage a aljihu ranar ashirin ga wata.

Tafiya a ƙasa ita ce ba ta cin ko sisi, kuma ita ce kowa yake yi ko da bai zaɓa ba, tunda wanda ya sauka daga bas ma da ƙafa zai ƙarasa zauren lacca. Mutum mai lafiya yana cin kimanin kilomita 5 a awa, wato kilomita ɗaya a minti 12. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba baligi shawarar ya samu motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, saboda haka ɗalibin da ke taka minti 15 da safe da wasu 15 da yamma, kwana biyar a mako, ya cika mafi ƙarancin abin da ake nema ba tare da ya je filin wasa ba. Ƙafa ba ta faci, ba a sace ta, ba ta jiran sai mota ta cika, kuma mai ita ya san daidai lokacin da zai isa.

Sai dai wannan lissafin na takarda ne, kuma rana ta Kebbi ba ta karanta takarda. Daga Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40 da tsakar rana, kwalta tana tururi, yashi yana ƙona ƙafa ta cikin silifa, kuma kilomita ɗayan da ba komai ba ne da ƙarfe bakwai na safe yakan zama azaba da ƙarfe biyu. Na taɓa tsayawa a inuwar wani gini a wata babbar makaranta ina kallon ɗalibai suna tsallaka wani fili fetal wanda babu ko itace ɗaya a cikinsa: maza sun ɗora littafi a ka, mata sun ja gefen hijabi sun rufe fuska, babu mai yi wa wani magana, kowa idonsa a kan 'yar inuwar da ke can gaba. Wanda ya shiga aji a wannan hali minti ashirin na farko yana fifita ne da takarda, ba ya jin abin da malami yake faɗa. A 2024 da 2025 azumi ya faɗo cikin wannan lokaci na zafi, wanda ya ninka wahalar. Da damina kuma, daga Yuni zuwa Satumba, hanyoyin ratse da ɗalibai suka fitar da ƙafafunsu sukan cika da ruwa da ciyawa, ga tsoron maciji da dare. Hunturu ne kaɗai lokacin da tafiyar take da daɗi, in ban da ƙura ga masu asma. Abin da na fahimta shi ne nisa ba shi ke hana mutane takawa a harabar jami'a ba, rashin inuwa ne, domin ɗalibin da zai ƙi taka mita 500 a fili zai taka kilomita guda da rabi a ƙarƙashin jerin dogon yaro yana hira da abokinsa bai ma lura ba.

Akwai kuma waɗanda ƙafa ba zaɓi ba ce gare su ko an shuka itatuwa: ɗalibi mai lalurar ƙafa da keken guragunsa yake nutsewa a yashi, da makaho da ke bin hanyar da babu gefe, da ɗaliba mai juna biyu, da ma'aikacin da shekaru suka ja. Duk tsarin da aka gina a kan cewa kowa zai taka, waɗannan ya manta da su.

Keke shi ne ya fi ɗaukar mini lokaci, domin shi ne abin da ƙanwata take son saye, kuma shi ne mutane suka fi rainawa. Mai tuƙi a natse yana cin kilomita 15 a awa, ninki uku na mai tafiya a ƙasa, kuma ƙarfin da yake kashewa a kowane kilomita bai kai na mai takawa ba. Tafiyar minti 36 ta koma minti 12. A ƙasa irin tamu wannan yana da wata fa'ida da ba a cika ambata ba, wato rage lokacin da mutum zai yi a rana, ga kuma iskar da ke kaɗa shi yana tafe. Yawancin harabobinmu shimfiɗaɗɗu ne, babu hawa da gangara mai wahalarwa. Wurin da mota ɗaya take tsayawa zai ɗauki kekuna takwas zuwa goma. Keke kuma ba baƙo ba ne a nan, da shi iyayenmu suka yi aikin malanta da na gona, kuma har yau da shi ake kai albasa da madara kasuwa a ƙauyuka, saboda haka ba a rasa mai gyara ko kayan gyara a kowane gari.

Ga yadda na yi wa ƙanwata lissafin, kuma alkaluman na misali ne, kowa ya sa farashin da ya tarar a inda yake. A ɗauka ɗalibi yana kashe naira 600 a rana wajen zuwa da dawowa. A kwana 22 na karatu cikin wata ya kashe naira 13,200, wato fiye da rabin abin da NELFUND take ba shi. A zango biyu na wata huɗu-huɗu kuɗin ya kai naira 105,600. Idan an samu keke na hannu mai ƙwari a naira 80,000, ya biya kuɗin kansa cikin kwana 134 na zuwa makaranta, kimanin wata shida ke nan, kuma ko an ware wani abu kowane wata domin faci da mai da birki, bai kai ƙarshen shekarar farko ba sai ya fara barin riba. Karatun digiri shekara huɗu ne ko biyar, kuma a ƙarshensa keken yana nan, a sayar ko a bar wa ƙane. Babu wata hanya cikin ukun da take mayar da kuɗi haka.

To, amma keke yana da abokan gaba guda uku da ya kamata mai saye ya sani. Na farko ƙaya ce. Na zauna wajen wani dattijo mai faci a bakin hanya, gabansa kwanon ruwa da famfo da guntayen tsohon tub, ina kallo ya zare taya, ya hura tub ɗin, ya riƙa nutsa shi a ruwa kaɗan-kaɗan har kumfa ta taso a wuri biyu, sannan ya bi cikin tayar da yatsa ya fito da 'yar ƙayar tsidau wadda ba ta kai ƙwayar dawa ba. Na ce masa, “Baba, ashe wannan 'yar abar ce take tsayar da mutum?” Ya yi dariya ya ce, “Malam, ai ita ke ciyar da ni. Ka gaya wa yaronka ya bi kwalta ko da ta fi nisa, ratse shi ke kawo su wajena.” Shawarar da ya ƙara ita ce a sayi taya mai kauri tun farko, a riƙa ba ta iska sosai, kuma da hunturu a riƙa goge kaca ana ɗiga mata mai, domin ƙura da ta haɗu da busasshiyar kaca tana cinye haƙoran gaba da na baya a zango ɗaya. Na biyu ɓarawo ne. Keken da aka jingina a jikin itace da ɗan siririn kwaɗo, mai shi yana cikin lacca ta awa biyu, amana aka ba wa duk mai wucewa, kuma ranar da ya ɓace duk lissafin da na yi a sama ya rushe. Na uku, wanda ya fi su hatsari, babbar hanya ce. Hanyoyin da suka haɗa Birnin Kebbi da Kalgo da Jega da Aliero hanyoyi ne na manyan motoci da masu gudu, kuma ba zan ba ɗan kowa shawarar ya raba kwalta da tirela a kan keke kullum safiya ba, balle bayan magariba ba tare da fitila ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin hanya yana kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29, kuma fiye da rabin mamatan masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur.

Akwai abokin gaba na huɗu wanda ba ya cikin hanya, yana cikin zuciya, shi ne jin kunya. Saurayin da ya shiga jami'a yana ganin keke na ɗan firamare ne ko na mai tallan ruwa, kuma yana tsoron abin da 'yan ajinsu za su ce. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ƙoƙarin karya wannan tunani, ya riƙa hawa keke zuwa aiki a Abuja, har wata bas ta ture shi cikin kwata, kuma abin da mutane suka riƙe daga labarin shi ne faɗuwar. Ni darasin da na ɗauka dabam ne: ya kira mutane su hau keke a kan titin da ba a tanadar wa keke komai ba. A garin Davis na jihar Kalifoniya a Amurka, inda keke ya zama abin hawan ɗalibai da farfesoshi, jami'ar ta hana motoci shiga tsakiyar harabarta, garin kuma ya shata wa kekuna layinsu a titi tun 1967, sannan al'adar ta kafu. Jami'a tana da ikon da ministan bai da shi a kan titunan Abuja, domin titunan cikin harabarta nata ne, za ta iya ƙayyade gudu zuwa kilomita 30 a awa, ta sa tudun rage gudu, ta kafa ƙarafunan ɗaure keke a gaban kowane zaure inda idon mai gadi yake kaiwa. Ranar da aka ga shugaban sashe ya jingina kekensa a nan, kunyar ɗalibai za ta ragu fiye da yadda kowace lacca za ta rage ta.

Game da mata dole a faɗi gaskiya: a garuruwanmu ba a saba ganin budurwa ko matar aure a kan keke ba, kuma doguwar riga da hijabi suna iya shiga kaca ko sipok. Akwai kekuna marasa sandar tsakiya masu murfin kaca da ke magance matsalar tufafi, amma ba sa magance idon jama'a, kuma ba aikin hukumar makaranta ba ne ta tilasta wa kowa. Ma'anar wannan ita ce duk kuɗin da aka zuba a harkar keke kaɗai, kusan duka ga ɗalibai maza ya tafi.

Wannan ne ya kawo mu ga bas, wadda ita kaɗai ce take ɗaukar kowa, mace da namiji, mai lafiya da maras lafiya, cikin rana ko ruwa, kuma ita kaɗai ce ta dace da doguwar tafiyar da ke tsakanin gari da ƙofar makaranta. Mutum 18 a Hiace ko kusan 30 a Coaster suna raba kuɗin mai ɗaya, shi ya sa kujerar bas ta fi bayan kabu-kabu araha a tafiya mai nisa, kuma ta fi shi aminci nesa ba kusa ba. Matsalarta ba ta gudu ba ce, ta jira ce. Tsarin da muka saba da shi shi ne mota ba ta tashi sai ta cika, wanda ya dace da direba amma bai dace da mai jarrabawa ƙarfe tara ba. Da safe layi ya yi tsawo motoci sun yi kaɗan, da hantsi motoci suna tsaye babu fasinja, wanda ya shiga farko ya zauna minti arba'in yana gumi yana ƙirga kujerun da suka rage.

Lissafin safiya shi ke nuna inda gizo yake saƙar. A ɗauka zuwa da dawowa yana cin minti 40, har da lodi da saukewa. Bas mai kujera 18 za ta yi sawu uku a awa biyu, ta kawo mutum 54. Idan ɗalibai 500 ne suke da lacca ƙarfe takwas, ana buƙatar irin wannan bas goma su fara aiki tun ƙarfe shida, kowacce kuma tana komawa gari fanko, sannan daga ƙarfe tara yawancinsu su zauna ba aiki. Babu ɗan kasuwar da zai jure wannan sai ya ƙara kuɗi ko ya cusa mutum biyar a kujerar huɗu. Maganin da ya fi araha ba ya wajen mai sayar da motoci, yana ofishin da ake tsara jadawalin lacca: idan wasu tsangayoyi suka fara ƙarfe takwas, wasu tara, wasu goma, motoci biyar za su yi aikin da goma suke yi. Na biyu shi ne a raba kuɗin shigar direba da yawan kawunan da ya ɗauka, a biya shi bisa sawu, domin ya tashi a kan lokaci ko da kujera uku babu kowa. Jami'o'in Jamus sun bi wata hanya tun farkon shekarun 1990, inda kowane ɗalibi yake biyan kuɗin mota na zango gaba ɗaya tare da kuɗin rajista, katinsa na makaranta ya zama tikiti, Jami'ar Washinton da ke Siyatil a Amurka ma ta fara irin wannan a 1991. Fa'idarsa ita ce mai motar ya san abin da zai samu tun farkon zango. Hatsarinsa a wajenmu kuwa a bayyane yake: ɗalibin da ya biya a dunƙule sannan ya tsaya a tasha babu mota, ba zai yafe ba, kuma wanda ke kwana a cikin makaranta zai tambayi dalilin da ya sa yake biyan abin da ba ya hawa. Ba a fara shi sai ƙungiyar ɗalibai tana cikin masu riƙe da asusun kuma ana liƙa lissafin a allo.

Ina kuma jan hankali game da bas ta kyauta, irin wadda wani babban mutum ko tsofaffin ɗalibai suke bayarwa a yi biki a ɗauki hoto. Na san wata makaranta da irin waɗannan motoci suke jere a bayan sashen gyare-gyare, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe sunan wanda ya bayar, saboda an karɓi mota ba a tanadi kuɗin taya da batir da albashin direba ba. Sayen bas shi ne ɓangare mai sauƙi. Motoci masu aiki da iskar gas ta CNG, waɗanda gwamnatin tarayya ta fara tallatawa a 2023, suna rage kuɗin mai ƙwarai, amma amfaninsu ya rataya ne a kan samun wurin ɗura gas kusa, kuma wannan ne abin da za a fara bincikawa kafin a sa hannu a takarda. Masu aiki da lantarki ma sun fara shigowa, har an buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021, sai dai kuɗin sayensu da na canjin batir ya fi ƙarfin yawancin makarantu a yanzu.

Kabu-kabu da keke napep ba sa cikin ukun da ake son ƙarfafawa, amma duk wanda ya yi kamar babu su yaudarar kansa yake yi. Napep tana cike gurbin bas a gajeriyar tafiya, tana cika da wuri tunda mutum uku ko huɗu ne, tana da rumfa, kuma mata sun fi sakewa a cikinta, saboda haka ita ce ta dace da zagayen cikin haraba idan an yi wa direbobin rajista an tsayar da farashi. Kabu-kabu ya fi kowa sauri kuma ya fi kowa tsada a kan kowane kilomita, ga goyon biyu babu hular kwano. Masu ɗorin gargajiya na Aliero, waɗanda sunansu ya kai nesa, sun san abin da babur yake yi wa ƙafa. A bar shi ya zama na ranar da aka makara, kada ya zama na kullum.

Idan aka jera su, nisa da lokaci ne suke yanke hukunci. Abin da bai kai kilomita ɗaya ba na ƙafa ne a kowane lokaci in akwai inuwa, da safe da yamma kaɗai in babu. Daga kilomita ɗaya zuwa biyar, a cikin haraba ko a unguwannin da ke manne da ita inda ba sai an hau babbar hanya ba, babu abin da ya kama ƙafar keke ga wanda zai iya hawa, ko ta fuskar kuɗi ko ta lokaci. Abin da ya wuce haka, ko ya bi ta babbar hanya, ko ya kai dare, na bas ne, kuma a nan ba na ganin araha ta isa dalilin da za a sa rai a hatsari. Ɗaki kusa da makaranta yana iya fin na cikin gari tsada, amma kafin a ƙi shi a haɗa kuɗin hayar na garin da kuɗin motar shekara, sannan a duba ruwa da tsaron unguwar, musamman ga 'ya mace.

Ga hukumar jami'a kuwa, da ni za a tambaya inda za a fara sa kuɗi, zan ce a fara da hanyar ƙafa, ko da yake ita ce ba ta da bikin buɗewa. A bi sawun da ɗalibai suka riga suka fitar a ƙasa, domin su suka san gajeriyar hanya, a daɓe shi da faɗin da keken guragu zai wuce, a jera dogon yaro gefe da gefe, a kewaye kowane dashe saboda awaki, a ɗauki wanda zai riƙa ba su ruwa rani biyu na farko, a sa fitilun sola da famfon sha a tsakiya. Dogon yaro yana saurin girma kuma yana riƙe ganyensa lokacin da ake tsananin buƙatar inuwa, kuma wannan hanya ɗaya za ta amfani mai takawa da mai keke da wanda ya sauka daga bas. Bayan ta sai jadawalin bas da rumfar jira, sannan ƙarafunan ɗaure keke da rumfar mai faci a kusa da masaukin ɗalibai. Abin da zan bari a ƙarshe shi ne sayen kekunan haya na makaranta, domin abin da ba na kowa ba babu mai ɗiga masa mai, kuma guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Gara a taimaki ɗalibi ya mallaki nasa ta hanyar biya kaɗan-kaɗan, kamar yadda ƙungiyoyin ma'aikata suke yi wa mambobinsu da babura.

Ɗan ƙanwata ya samu ɗaki a wata unguwa da ke bayan katangar makarantarsu, kimanin kilomita uku daga sashensu, kuma hanyar ba ta bi ta kwaltar manyan motoci. Da na gama yi masa bayani sai ya ce, “Kawu, ni matsalata ɗaya ce, kada in shiga aji ina warin gumi.” Na ce masa ya fita da wuri ya tuƙa a hankali, ya sa jakarsa a kariyar keken maimakon ya goya ta a baya. Mun sayi keke na hannu, muka canja masa tayoyi biyu, muka ƙara fitila da sarƙa mai kauri da kwaɗon da ya kusa kai kuɗin taya ɗaya, sauran kuɗin kuma mahaifiyarsa ta riƙe domin ranakun ruwa da ranakun da zai shiga gari. Da ya zo hutun tsakiyar zango na duba kacar, na tarar ta bushe ƙamas, na aike shi wajen dattijon nan da kwalbar baƙin mai.